Taku Bakwai Daga Indararo

Ku yaran yanzu, da kun ga mutum a kan katanga yana shafa ƙasa da hannu sai ku ce ai wannan wasan laka ne, kowa ma ya iya. Shekaranjiya ɗayanku ya ce mini in aka ba shi wata guda zai koyi gini har ya kamo ni. Ban yi fushi ba, dariya na yi, don ni ma na taɓa faɗin haka ina da shekarunsa. Abin da ya warkar da ni kuwa wani ɗan soro ne da tsayinsa bai wuce kafaɗata ba.

Sunana Ilu. A Gagarawa aka haife ni, mahaifina ya kawo ni Gumel ya danƙa ni a hannun Baba Tanko magini, a shekarun da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba. Baba Tanko gajere ne mai faɗin tafin hannu, ba ya yawan magana. In aikinka ya burge shi sai ya ce ba laifi, ya juya maka baya. Shekarata uku a wurinsa ban taka tsani ba. Aikina tattaka ƙasa. A zubo ta a fili, in watsa mata ruwa, in barbaɗa busasshiyar ciyawa da aka daddatsa, in shiga da ƙafa tun hantsi har azahar. In ta haɗu a tara ta tsibi-tsibi, a bar ta ta kwana uku ko huɗu har ta fara wari irin na bakin tafki, sannan a sake jiƙa ta a sake tattakawa. Da ita ake mulmula tubali a jera a rana. In ya bushe, ni ne mai jefa wa Baba yana bisa katanga. Jifan nan ma koyo ne. A hankali ake yi, ba juyi, ya isa daidai ƙirjinsa. In ka jefa masa a karkace ba zai ce maka komai ba, janye hannunsa kawai zai yi, tubalin ya dawo inda ya fito. Sau biyu ya sauka mini a kan yatsan ƙafa, daga nan hannuna ya daidaita.

Kayan aikinmu ba su cika mangala ɗaya ba. Sangwami na haƙa da sassaƙar katanga, fartanya, ƙwarya, igiya, tsani. Sauran duk a jikinka suke. Faɗin ɗaki da taku ake auna shi, tsayin katanga da kamu, miƙewarta kuwa da ido. Kowane magini ya san takunsa kamar yadda ya san sunansa, ko a cikin barci aka tashe shi zai auna maka ɗaki bai kuskure ba.

Masu ba da aiki kuma kowa da halinsa. Na tuna wani falke mai safarar kanwa a Maigatari da muka gina wa zaure. Kullum da safe sai ya fito ya tsaya nesa, ya rufe ido ɗaya, ya gwada zaurensa da na maƙwabcinsa, ya ce a ƙara kamu ɗaya. Baba ya ƙara masa sau biyu. A na uku ya sauko ya wanke hannu, ya gaya masa cewa gindin katangar iya abin da zai ɗauka ke nan, in yana son ya wuce haka sai dai a rushe a sake daga ƙasa. Sai falken ya roƙi a ɗora masa zankwaye masu tsini a kusurwa huɗu, ko da su ya ɗara maƙwabcin. Muka ɗora. Ba mu bar garin ba sai da maƙwabcin ya aiko yana neman Baba.

Amma wahalar magini a ƙasarmu ba hawa ba ce, samun ƙasa ce. Kun san nan rairayi ne, ka damƙa a hannu ya zube. Jar ƙasa mai danƙo sai an bi ta kududdufai da bakin fadama, a ɗauko a kan jakuna, wani lokaci tafiyar rabin yini. Shi ya sa in magini ya hango jar ƙasa mai kyau a yashe, zuciyarsa takan buga kamar mai yunwa ya ji ƙanshin tuwo. Wannan kwaɗayin ne ya kai ni ya baro.

A bayan gari, ta hanyar Maigatari, akwai wani tsohon gidan gandu na gidan sarauta, inda akan kai ƙananan 'ya'yan sarki da masu renonsu su yi kaka a can, su ci ɗanyar gyaɗa, su yi ta guje-guje ba mai ce musu ku zauna. A kusurwar gabas ta gidan, kusa da wata tsamiya, akwai ɗan soron da ake kira Soron Yara. Kakan Baba Tanko ne ya gina shi. Kada ku ɗauka irin bukkar nan ce da yara kan kafa da kara. Soro ne sosai, da bakan gizo na ƙasa mai tallafe rufi a ciki, da azara, da zankwaye, da indararo da bai fi tsawon hannun jariri ba, har da ɗan dakali a ƙofa inda sarkin wasa kan zauna a yi masa fadanci. Duk abin da ke fada akwai shi a nan, sai dai an rage shi daidai ɗan shekara bakwai. Babba ba ya shiga sai da rarrafe, kuma ba ya miƙewa a ciki.

Duk shekara da ruwa ya ɗauke, kafin a kawo yara, Baba yakan tafi shi kaɗai ya yi masa yaɓe, ya toshe tsaga, ya duba ko gara ta taɓa azara, ya shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwan sama cin katanga. Bai taɓa tafiya da ɗayanmu ba. In mun tambaya sai ya ce aikin ya fi ƙarfinmu. Mu kuwa mu yi ta dariya a bayan idonsa, muna cewa tsoho ya tafi hutawa a inuwar tsamiya.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke tun gero yana iya gwiwa, ya ƙone a tsaye. Wanda ba shi da abin kaiwa baki ba ya neman magini. Kududdufai suka bushe suka tsattsage, ruwan rijiya ya koma na sha kaɗai, in ka zuba tulu ɗaya a kan ƙasa sai a dube ka kamar ka yi kisan kai. Mu tara ne a hannun Baba, muka watse. Ni na gangara kudu na yi ta dako, ban dawo ba sai bayan damina biyu, kuma mu huɗu kaɗai muka dawo. Jakunan da kan ɗauko mana ƙasa, waɗanda ba su mutu ba an sayar da su. Shekara biyu cur ba wanda ya taɓa Soron Yara.

Da Allah ya kawo sauƙi aka yi damina mai albarka, sai aka aiko daga gidan gandu cewa bana za a kawo yara, a zo a gyara soron. A lokacin ciwon kurkunu ya kama Baba a idon sahu, yana kwance ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ya dube mu mu huɗu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna ni. Abin da ya gaya mini kaɗan ne: kada in ɗaga ƙofa, kada in faɗaɗa komai, kada in ƙara ado. Ya ce jakuna biyu za su biyo ni da ƙasa. Akwai abu ɗaya da bai faɗa ba, don shi a wurinsa wannan ko jinjiri ya sani.

Na isa na tarar soron ya ji jiki. Yaɓen gabas ya zube har tubali ya bayyana, zanko ɗaya ya karye, zanzaro ya yi gidaje a jikin bakan gizo. Na share, na sassaƙe abin da ya ruɓe, na zauna jiran jakuna. Yini ɗaya, yini biyu, shiru, ga shi an ce yara suna tafe ranar Alhamis. A rana ta uku na zagaya bayan soron sai na yi turus. Tsibin jar ƙasa ne har goma sha ɗaya a warwatse, wasu kamar an kifa ƙwarya, wasu sun kai kwando, ɗaya ya fi duka girma. Na ɓantari kaɗan na murza. Ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa, ta kwana ta yi laushi, irin wadda ban taɓa riƙewa ba. Nan take na ce a raina, kai, tsohon nan akwai wayo, ashe ajiya yake yi a nan duk shekara bai gaya wa kowa ba. Ai magini ba ya buƙatar a gaya masa menene tsibin ƙasa. Mutanen gidan duk suna gona ana girbi, ni kuma ban ga abin tambaya ba.

Na sa fartanya na kwashe su kaf. Babban har na ɗan zurfafa, na kankare jan da ya sauka cikin rairayi don kada ya tafi a banza. Na share wurin fes, na jiƙa ƙasar, na tattaka ina waƙa.

A wurin yaɓen ne na gane abin da Baba yake nufi da aikin ya fi ƙarfinmu. A babban zaure hannunka yana da fili, ka ɗebo ƙasa ka watsa ka bi da tafi, in ka kauce da faɗin yatsa ba mai gani. A nan kuwa a durƙushe kake, wuya a lanƙwashe, gwiwar hannu tana bugun bango. Bakan gizon da yatsu uku ake fitar da shi, in ka kauce da faɗin yatsa duk ɗakin ya karkace. Kaina ya bugi azara har na daina ƙirgawa. Indararon nan sau huɗu ina zaunar da shi ina cirewa kafin ruwan da na gwada da shi ya zuba nesa da gindin katanga. Kwana biyu na yi a haka. Amma da na fito na miƙe bayana na duba, gaskiya na ji daɗi. Soron ya yi ja jawur, sumul, ba tsaga ko ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi yara suka iso, su wajen goma sha biyu, da masu renonsu. Tare da su akwai Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifin sarki, tsohuwar da idonta ya fara hazo, wadda ita ma a soron nan ta yi wasanta na ƙuruciya. Yaran suna hango soron suka kwasa a guje, suka cika shi, wani ya haye dakali ya ce shi ne sarki, wata ta ce ba ta yarda ba. Ni ina gefe ina jiran yabo. Yarinya ɗaya ce ba ta shiga ba, wata 'yar siririya mai suna Hanne. Ta riƙo ganyen wake a hannu ta zagaya baya. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta tsaya a gabana, ta ɗaga kai.

"Magini, ina ka kai Ɗan Baƙi?"

Ban gane ba sai da wata mai reno ta leƙa bayan soron ta dawo tana salati. Ɗan Baƙi ɗan akuyar Hanne ne, ya mutu gab da shekarar yunwa. Ashe tsibin nan ba ajiyar Baba ba ce. Makwantar dabbobin yara ce. Tun zamanin da aka gina soron, in abin kiwon wani yaro ya mutu, aku ne, kyanwa ce, tantabara ce, kunkuru ne, sai yaran su haƙa rami a bayan soron su sa shi, magini kuma ya ɗora tsibin jar ƙasa a kai, ya riƙa sabunta shi duk shekara tare da yaɓe. Ba salla, ba likkafani, malaman gidan ma sun san da shi sun ƙyale, don ba wanda ya ɗauke shi kabari. Alama ce kawai, yaro ya san inda nasa yake. Alamar nan ce na kwashe na manna a bango.

Na je gaban Gwaggo Dije na durƙusa, na faɗa mata abin da na yi tun daga farko, ban rage komai ba. Ta tambaya ko na taɓa ƙashi, na ce ban kai can ba. Sannan ta ce, babban fa? Na ce har shi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai juya fuskarta gefe. Mai renon ce ta raɗa mini cewa babban na barewar Gwaggo ne, kuma shi ne na farko a wurin.

Kafin la'asar maganar ta kai kunnen Sarkin Gandu, wato mai kula da gidan da gonakinsa. Ba mugun mutum ba ne. Ya ga yunwa da idonsa, ya binne mutane, tun daga nan ba abin da ke ransa sai rumbu. Bayan soron nan kuwa tudu ne busasshe, ba inda ya fi shi dacewa da babban rumbu a duk gidan, kuma ya daɗe yana nemansa ana hana shi saboda barewar Gwaggo. Ya zo ya duba filin da na share masa fes, ya durƙusa ya gai da Gwaggo, ya ce tunda abin ya zo da haka, kuma yanzu ba wanda ya san inda komai yake, a bar shi ya kafa rumbu, yaran ma cikinsu za a cika da shi. Gwaggo ta ce ita ta san inda barewarta take. Ya ce in ta nuna masa wurin, ya gani da idonsa, ba zai ƙara ta da maganar ba har ya mutu. In kuwa ba a samu ba, ranar Lahadi zai jera duwatsun gindin rumbu. Na yaran bai ɗauke su komai ba, amma na Gwaggo bai isa ya tsallaka ba, kuma natan ne ke tsare sauran.

Na kama hanyar Gumel da ƙafa, ina tafe ina shirya yadda zan sha zagi. Baba yana kwance a zaure ya saurare ni har na gama. Abin da ya fara tambayata shi ne yaya ƙasar take a hannu. Na ce ban taɓa taɓa irinta ba. Ya ce ai dole, kakansa ne ya fara kwaɓa ta. Sai ya ce a ɗora shi a kan jaki. Jakunan nan biyu da na yi ta jira, a ranar suka iso ƙofar gidansa da ƙasar, wai mai su ya ɗauka Gumel aka ce ya kawo. Muka ɗora Baba a kan ɗaya, ƙafa a naɗe da tsumma, muka kora ɗayan da kaya.

Ranar Asabar da sassafe aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya. Ya sa na ɗauki tsintsiya mai laushi na share saman rairayin a hankali, sannan na ɗebo ruwa a ƙwarya ina yayyafawa da yatsu, kamar yadda mata ke yi kafin daɓe. Ya ce tsibin da ya shekara yana shan ruwan sama dole ya zubar da jansa cikin rairayin da ke ƙarƙashinsa, busasshe ba ya nunawa, amma in ya jiƙe zai nuna. Ban gama ƙwarya ta biyu ba sai ga wata jar da'ira ta fito a cikin farin rairayi. Wani yaro ya daka tsalle ya ce akun yayansa ne. Ga ta biyu, ga ta uku. Yaran suka bi ni a baya suna kiran sunaye, suna gardamar wanne ne kunkuru wanne ne kyanwar da ta ci tantabara aka binne su kusa da juna. Hanne ta sami Ɗan Baƙi ta ajiye masa ganyen wakensa da ya riga ya yi yaushi. Kowace da'ira na kafa mata tsinke. Goma muka samu.

Na goma sha ɗaya, wato babban, bai fito ba. Na zuba ruwa har wurin ya yi caɓi, ba ja ko ɗigo. Ni na kankare shi da hannuna don kada ya tafi a banza. Aka ce in nuna inda na kwashe shi, na nuna nan, na nuna can, don ranar idona yana kan ƙasar ne ba kan wurin ba. Baba ma da ya shekara talatin yana sabunta shi, da ido ya san shi, da aka share filin sai ya ce tsakanin nan da nan ne, tsakanin kuwa ya kai shimfiɗar tabarma uku.

Sai Gwaggo ta yi magana. Ta ce ranar da aka binne barewar ita da kanta ta ƙirga, taku bakwai ne daga ƙarƙashin indararo, ka fuskanci tsamiya. Ta ce kuma ta kifa wa barewar ɗan kaskon da take shan ruwa a ciki kafin a rufe, bai yi zurfi ba, bakinsa a ɓantare yake gefe ɗaya. Na ji sanyi a raina, don taku ai sana'ata ce. Na tsaya ƙarƙashin indararo na auna bakwai irin na magini, cikakku, na feƙe sanda na soka a hankali. Ta shige ba ta taɓa komai ba. Na sake aunawa, na sake sokawa, haka. Sarkin Gandu, don kada a ce ya ƙi taimako, ya tattare rigarsa ya auna nasa bakwai, ya wuce nawa ma. Na soka nan ma ba komai. Da na ɗaga sandar zan gwada gefe, Gwaggo ta ce ya isa, ba za a yi ta huda wurin kamar ana tonon gyaɗa ba. Ta ce wataƙila tsufa ne ya rikita mata lissafi, a kama ta ta koma ciki. Muryarta ta ba ni tausayi ƙwarai, kuma na san ni na jawo.

Baba ne ya tsayar da ita daga kan tabarmarsa.

"Ranki ya daɗe, ran da kika ƙirga takun nan, kina kamar wa a cikin yaran nan?"

Ta tsaya ta yi tunani. "Ina famfara," in ji ta. "Haƙorana biyu na gaba sun zube. Ina kuka iska tana shiga ta giɓin."

Baba ya juya wajen yaran ya ce kowa ya yi masa dariya ya gani. Ai kuwa suka jeru suna washe baki, har waɗanda haƙoransu ke cike suna ƙoƙarin ɓoye na gaba da leɓe ko a zaɓe su. Hanne ce mai giɓi biyu a gaba. Aka tsayar da ita ƙarƙashin indararo, aka fuskantar da ita tsamiya. Baba ya ce kada ta buɗa ƙafa, ta yi tafiyarta irin ta kullum. Ta taka, yara suna ƙirga mata da ƙarfi. Ta tsaya a wurin da ya wuce rabin inda na kai da kaɗan, wurin da na bi ta kansa sau biyu.

Na durƙusa na soka sandar, ina tura ta kaɗan-kaɗan. Ba ta kai taƙi biyu ba na ji ƙwas. Na ajiye sandar na sa yatsu ina janye rairayi har bayan kaskon ya bayyana, baƙi, ɗan ƙarami. Ban ɗaga shi ba. Aka kamo hannun Gwaggo, ta durƙusa, ta bi bakinsa da yatsa har ta kai inda ya ɓantare. Ta daɗe hannunta yana wurin. Sarkin Gandu ya leƙo, ya ce ranki ya daɗe na gani, ya miƙe ya tafi neman wani tudun a yamma da rijiya. Har ya mutu kuwa bai sake ta da maganar ba.

Da ƙasar jakunan nan muka mayar da tsibi goma sha ɗaya. Ban tattaka ta ni kaɗai ba, don yaran sun ce ba su yarda da ni ba, sai sun sa ƙafa. 'Ya'yan sarki goma sha biyu a cikin laka har gwiwa, masu reno suna ta faɗa, ba mai jin su. Baba yana kallo yana gyara mini da baki, wannan ya yi tsini, wancan na kunkuru ne a kwantar da shi. Da na gama na barewar ya duba ya ce ba laifi, ya juya baya.

Abu ɗaya ya rage yana damuna. Da yamma na sami Gwaggo zaune kusa da soron, na durƙusa na ce in ta ba ni izini zan kankare yaɓen da na yi, in mayar da ƙasar inda na ɗebo ta, ko da zai ci mini mako guda. Ta tambaye ni ta babban tsibin a ina na sa ta. Na ce a ciki, a jikin bakan gizo, don ita ta fi laushi. Sai ta miƙa wa mai reno sandarta. Kafin kowa ya gane abin da take shirin yi, gwaggon sarki ta sa gwiwa a ƙasa ta rarrafa ta shige Soron Yara. Masu reno suka rasa inda za su sa idonsu. Can sai muka ji dariya daga ciki, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya yi ɓarna ba a kama shi ba.

Da ta leƙo, ta ce mini a zamaninsu ba a barin barewar ta shiga, don tana cinye tabarma. In sun shigar da ita a ɓoye sai masu reno su kore ta su kuma su sha duka. Kullum a ƙofa take tsayawa, ta zuro kai tana kallonsu suna wasa.

"Kai ka shigar da ita, magini," in ji ta. "Bar ta a ciki."

Daga shekarar nan Baba bai ƙara zuwa ba, ni ya bar wa soron, na kuma yi masa yaɓe har gwiwoyina suka daina lanƙwasuwa. Na waje nakan kankare in sake sabo in ya tsufa. Na ciki kuwa ban taɓa sa masa sangwami ba. In ya tsage, da yatsa nake toshewa.